Ƙwannafin Maiwada

Shekara ashirin da shida Talatu ta yi tana dafa wa Maiwada abinci, kuma ba ta taɓa jin ya ce ya yi daɗi ba. In ya cinye ya yi shiru, to ranar ta yi sa'a. Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, wanda ake jiyo muryarsa daga bakin fadama har cikin gari. A ƙauyensu, can gefen Nasarawan Doya, shi ne mai injin matse rake mafi girma, kuma mazarƙwailarsa ake fara ɗauka ranar kasuwar Makarfi. A waje ana yaba masa da ƙwazo. A cikin gida kuwa, da an ji takunsa a zaure sai kowa ya shiga taitayinsa.

Mutanen gidan ba su da yawa. 'Yarsu guda da ta rayu, Kamila, tana aure a Kurmin Kogi. Sai yayarsa Mairama, wadda mijinta ya rasu ta dawo, aka yanka mata sashe a gefe. Ba ta girki, ba ta shara, amma babu abin da ke wucewa a gidan ba ta sa baki ba.

A shekarar da Maiwada ya ƙara gonar rake bayansa ya fara ciwo. Ɗaukar dami da tsayuwa a kan kasko tun safe har yamma sun fara cin jikinsa, ga shekaru sun soma turawa. Wani mai baza magunguna a kan tabarma a kasuwa ya yi masa haɗi, ƙwaya biyar ƙulle a leda: ja biyu, fari biyu, ɗaya ruwan ɗorawa. Ya ce ya riƙa watsa su gaba ɗaya da sassafe. Haka Maiwada ya yi, tun bai sa komai a ciki ba, ya kora da baƙin shayi. Ciwon bayan ya kwanta kamar an cire da hannu. Daga baya da wani kemis na bakin titi ya fara ƙulla irin haɗin, sai ya zama ba ya rabo da shi.

Bayan wata biyu ƙwannafi ya zo. Wuta ce ke tasowa daga saman cikinsa, ta bi ƙirji har maƙogwaro, sai gyatsa mai tsami, sai wani ruwa mai ɗaci ya cika masa baki. In ya sunkuya zai juya ruwan rake a kasko, ta taso. In ya ci tuwo ya miƙe a tabarma, ta taso.

Mairama ce ta fara kawo jiƙon kanwa. Yana sha ya yi wata doguwar gyatsa, ya ce alhamdu lillahi. Kafin a yi la'asar wutar ta dawo, ta fi ta farko. Aka koma madarar gwangwani, aka koma nono, aka kaɗa garin busasshiyar kuɓewa a ruwa, aka gwada zuma, har ruwan toka ya sha. Kowanne ya yi masa aikin rabin yini ya sake shi. Duk da haka bai rage yaji ba, bai ajiye goro ba, kuma kwanon tuwonsa bai sauya girma ba.

Wata rana da azahar ya kai loma uku ya tsaya, ya dafe ƙirji.

"Ke, me kika sa a miyar nan?"

"Abin da na saba sawa ne, Malam."

Ya ɗauki kwanon ya wurga. Miyar ta fantsama a bango, sauran ta zubo mata a ƙafa da zafinta. Washegari ta rage barkono. Ya ɗanɗana ya ture, ya ce shi ba majinyaci ba ne da za a kawo masa ruwan wanke kwano. Ta mayar da barkonon, ya ce so take ta ƙona masa hanji.

Mairama tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi ta ce, "Maiwada, ni fa ban yarda ƙwannafi ne kawai ba. Ƙwannafi ba ya jin kanwa ya dawo. Wannan a abinci aka ba ka. Ka dai duba wanda ke riƙe da ludayi."

Daga ranar ya kafa doka. Duk abin da zai ci, sai Talatu ta ci a gabansa tukuna. Kuma ita za ta riƙa kai masa abincin rana fadama da kanta.

Rumfar aikin tana ƙarƙashin wani mangwaro. Ga inji yana ruri, ga tukar rake jibge ana tura ta a wuta, ga 'yan ƙwadago shida, wasunsu Talatu ta ga ranar sunansu. Sai ta durƙusa ta buɗe kwano, ya ce, "Bisimilla." Ta gutsuri tuwo ta kai baki. Ya ce ba nan ba, ta ɗebo daga tsakiya. Ta ɗebo. Ya ce ta sha ruwan ma. Sannan ya bar ta a durƙushe yana kallonta, yana jira ya ga ko za ta murɗe. Ranar farko mutanen suka kawar da kai. Da aka yi mako guda, sun saba, har wani na cewa, "Inna ta ci lafiya, Maigida, sai ka sa hannu."

Ba yunwa ba ƙoshi take komawa gida.

Da kanwa ta daina yi masa ko na sa'a guda, wani abokin kasuwarsa ya ba shi labarin farin ruwan da ake bayarwa a asibiti. Maiwada ya ce shi ba zai je ya bi layi da mata masu goyo ba. Ya aiki Talatu, ya ce in ta fito daga gida ta fara biyawa kemis ta karɓo masa haɗinsa.

Asibitin sha-ka-tafi ne, ɗaki biyu da baranda, a bayan makarantar firamare. Ma'aikaciya guda ce a ciki, Safiyatu, 'yar Kudan, wadda ba ta fi shekara biyu da gama karatu ba. Siririya ce mai saurin magana, kuma takan kalli mutum a ido in tana yi masa bayani. Ta gaida Talatu har da russunawa, ta tambayi gida da maigida da aiki, sannan ta zaunar da ita.

"Inna, tun yaushe yake fama?"

"An fi wata uku."

"Akwai wani magani da yake sha?"

Talatu ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin ledar. Safiyatu ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu, ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Fuskarta ta sauya.

"Kullum yake shan wannan?"

"Kullum. Tun kafin ya karya."

"Inna, ki saurare ni da kyau. Jajayen nan da fararen nan duk maganin ciwon jiki ne, aikinsu ɗaya, suna ne kawai ya bambanta. Ko ɗaya mutum ya daɗe yana sha yana cinye bangon ciki, balle huɗu, kuma a kan yunwa. Wannan mai ruwan ɗorawan kuma ƙara musu ƙarfin ɓarna yake yi. Ba girkinki ba ne, kuma ba sammu ba ne. Ga abin da ke ƙona shi nan a hannuna."

Talatu ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗarta. Ta ce, "Kanwar fa?"

"Tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, sai ya dawo. Kuma gishiri ce, in yana da hawan jini za ta ƙara masa. Farin ruwan nan ma da zan ba ki, lallashi kawai yake yi, ba ya warkar da gyambo. In ya ci gaba da ƙwayoyin nan, ɓoye ciwon zai yi har ya yi nisa."

Ta haɗa mata da wani kafso da ake sha kafin a karya. Ta ce ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ya rage yaji da goro da baƙin shayi, kada ya kwanta da ya gama ci, a sa bulo a ɗaga kan gadonsa. Sannan ta riƙo hannun Talatu.

"Abu ɗaya kada ki manta. In kika ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi amai da jini, ko ya fara jiri idonsa ya yi fari, to jini ne ke zuba a cikinsa. Ranar kada ku kwana, kada ma ku zo nan. Ku nemi mota ku wuce Zariya. Kin ji, Inna?"

"Na ji."

"Maimaita mini."

Talatu ta maimaita, tana ɗan murmushi, don rabon da wani ya damu ta fahimci magana har ta manta.

Da saurinta ta nufi fadama. A ranta tana ganin yau magana ta ƙare, zai san ba ita ba ce. Ta jira ya gama ci, ta matso ta rage murya ta faɗa masa komai, ba ta bar ko kalma ba.

Maiwada ya saurara har ta kai ƙarshe. Sai ya miƙe ya ce a kashe inji. Wurin ya yi tsit.

"Ku zo ku ji, mun yi likita a gida! Yini ɗaya ta yi a asibiti ta fito da digiri." Ya juyo gare ta. "Wato maganin da ke tsayar da ni a kan ƙafata shi kike so in bari, in kwanta, rake ya bushe a gona. Kin kwashe sirrina kin kai wa yarinyar da ban san ubanta ba, kun haɗa baki. Wannan kafson na mene ne? Shi ne na ƙarasa ni?"

Ya ɓare su ɗaya-ɗaya ya watsa a wutar kasko. Farin ruwan dai ya buɗe, ya ce ta kurɓa. Ta kurɓa. Ya karɓa ya ɗaga kwalbar ya sha kusan rabi. Tun daga ranar sunanta ya koma Likita. Da shi yake kiranta a gida, da shi Mairama ke kiranta, har matan maƙwabta suka ɗauka ba su san mafarinsa ba.

Farin ruwan ya yi masa daɗi. Zafin ya ragu, ya ce ai ga shi nan, ya ci gaba da haɗinsa.

Ana cikin haka wata safiya ƙaninta Huzaifa ya kira ta a waya daga Dandamisa. Ya ce jikin Iya ya tsananta, kwana biyu ba ta ci komai ba, sunan Talatu kawai take kira. Iya ita ce mahaifiyarsu, kuma rabon Talatu da ita tun ƙaramar salla.

Ta sami Maiwada yana ɗaura takalmi. Ta durƙusa.

"Malam, Iya ce ba lafiya. Huzaifa ya ce in zo yau."

"Wa zai dafa mini abinci?"

"Yaya Mairama za ta iya, na yini ɗaya."

"Wa zai ɗanɗana?" Ya ɗago ya dube ta. "Ko kuwa wanda kike sa mini ne ya ƙare, za ki je gida ki ƙaro?"

"Malam, don girman Allah. Uwata ce."

"Tsofaffi kullum cikin mutuwa suke, ba sa mutuwa. A gama matsar nan, kwana uku. In kika taka zauren nan kafin sannan, kada ki dawo."

Ta yi tunanin ta tafi kawai. Har ta ɗauko mayafi. Amma shekara ashirin da shida ba ta taɓa fita ba da izini ba, kuma ƙafarta ba ta san yadda ake yi ba. Ta ajiye mayafin ta hura wuta.

Iya ta cika a rana ta biyu da hantsi. Sannan ne Maiwada ya ce ta je, amma ta dafa na rana kafin ta fita, ta kuma dawo kafin magariba. Ko da ɗan acaɓa ya sauke ta a Dandamisa, maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa. Matar Huzaifa ta ja ta ɗaki ta ce, "Jiya har muryarta ta dushe tana kiranki. Duk wanda ya shigo sai ta ce Talatu ce?" Ba da mugunta ta faɗa ba, ta ɗauka abin da ya kamata 'ya ta sani ne.

Talatu ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gadon da aka riga aka yaye shimfiɗarsa, ta karɓi gaisuwa, da la'asar ta tashi. Da ta dawo Maiwada bai ce Allah ya jiƙanta ba. Cewa ya yi tuwon rana ya yi ruwa.

Kwana tara bayan rasuwar, tana wanki a bakin rijiya da safe, ta ɗago wandonsa na jiya. A bayansa akwai tabo baƙi wuluk, mai danƙo, da wani wari da ba irin wanda ta sani ba. Ta tsaya da wandon a hannu. Kalmomin yarinyar nan suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya, da muryarta da komai. Ranar kada ku kwana.

Daga ɗaki ya ƙwala kira. "Likita! Ina haɗina?"

Ta tsoma wandon a ruwa. Ta goga sabulu ta cuɗa, ta sake cuɗawa, har tabon ya fita tas. Ta shanya shi a igiya, ta goge hannu a zani. Ta shiga ta kwance leda, ta zuba masa ƙwaya biyar a tafin hannu, ta miƙa masa shayi.

Ba ta taɓa ce wa kanta so take ya mutu ba. Ba ta ƙara ƙwaya ba, ba ta rage ba. Abin da ya ce a yi shi take yi, yadda ta saba tun tana amarya. In zuciyarta ta motsa sai ta ce ai ta faɗa masa sau ɗaya, a gaban mutum shida, kowa shaida ne. A sallarta takan daɗe a sujada, amma ba ta roƙon komai game da shi, ko alheri ko akasinsa.

Ta dai riƙa kallo. Ta ga cikin idonsa ya koma fari kamar takarda. Ta ga mutumin da ke yini a tsaye ya fara neman dutse ya zauna. Ta ga yana haki tsakanin zaure da ɗaki. Kowace safiya akwai sabon tabo, kowace safiya tana wankewa.

A rana ta goma, da ta kai masa abinci, ya ce 'yan ƙwadagon su je su ɗebo dami. Suka rage su biyu. Bai ce ta ɗanɗana ba. Kansa a ƙasa, ya yi magana da wata murya da ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

"Talatu." Ya kira ta da sunanta. "Kwanan nan jiri nake ji. In na miƙe sai in ga duhu. Kuma bayan gidana ya sauya." Ya ɗago ya dube ta. "Ban riƙe abin da kika faɗa mini ranar nan ba. Yarinyar nan ta asibiti, ta ce wani abu a kan haka?"

Tsoro ne a fuskarsa, ƙarara. Ta dube shi, ta ga tsoho ne kawai mai furfura a gemu, yana jiran a ce masa ga abin yi. Mota tana nan a gari, ta ƙaninsa Halliru. Zariya ba nisa.

"Ba ta ce komai ba, Malam," in ji ta. "Wataƙila rana ce."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ta miƙo masa farin ruwan.

Washegari da hantsi Bilya, babban cikin 'yan ƙwadagon, ya shigo gidan a guje ba sallama. Ya ce Maigida ya faɗi a bakin kasko yana aman jini. Halliru ya kawo mota. Aka shimfiɗe Maiwada a baya, kansa a cinyar Talatu, Mairama a gaba tana salati. A hanya ya sake yin amai sau biyu, ya jiƙe mata zani. Hannunta kawai ya riƙe, kuma ba ta janye ba.

A asibitin Zariya aka karɓe shi da gaggawa, aka sa masa ruwa, aka ɗebi jinin Halliru za a ƙara masa. Kafin a shiga da shi tiyata ya cika. Likitan ya fito ya ce gyambon ciki ne ya ci jijiya, kuma ba yau jinin ya fara zuba ba. Ya ce da an kawo shi ko da kwana biyar da suka wuce, da an yi wani abu.

Mairama ta riƙe wannan maganar. A zaman makoki duk wadda ta shigo sai ta maimaita mata. Matan kuwa Talatu suke tausaya wa. Suna cewa ba a taɓa ganin mai haƙuri irinta ba, matar da ta yarda ta riƙa cin abinci a gaban ƙarti don mijinta ya samu natsuwa, ga rashin uwa, ga rashin miji, a wata ɗaya.

Ranar sadakar uku Safiyatu ta zo gaisuwa. Ɗakin cike yake da mata. Ta durƙusa ta yi ta'aziyya, idonta ya kawo ruwa, sai ta matso kusa da Talatu ta ce a hankali, "Inna, ashe ba ki ga alamun nan da na faɗa miki ba?"

Ba ta yi a hankalin da take zato ba. Carbin Mairama ya tsaya.

"Waɗanne alamu?"

"Na baƙin bayan gida, da jiri. Na ce mata in ta gani su wuce Zariya."

Mairama ta juyo gaba ɗaya. Ita ta san wa ke wanki a gidan. Kamila ma, da ke gefen uwarta da jariri a cinya, ta ɗago kai. Talatu ta ji ɗakin ya matse ta. Ta ga abin da zai biyo baya sarai: sunan da za a ba ta a garin, da yadda dangin mijin Kamila za su riƙa kallon 'yarta.

"'Yar nan," ta ce, "yaushe kika faɗa mini? Farin ruwa kika ba ni, kika ce zai kwantar masa. Shi ya yi ta sha har ranar da ya faɗi."

"Inna! Har na ce ki maimaita."

"Da kin faɗa mini, zan zauna ina kallo uban 'yata ya mutu?"

Sai kuka ya ƙwace mata, wanda ba ta yi a Dandamisa ba, wanda ba ta yi a Zariya ba. Kuka ne na gaske, har tana shiɗewa, mata suka riƙe ta. Wata ta ce wa Safiyatu ta tashi ta fita, ta ji kunya. Ta fita tana waiwaye, takalminta ɗaya a hannu.

Kafin sadakar bakwai magana ta zaga gari, cewa yarinyar asibiti ta ba Maiwada maganin da ya ɓoye masa ciwo har ya kashe shi. 'Yan ƙwadagon da suka ga abin da ya faru tsakanin Talatu da Maiwada a fadama ba wanda ya tambaye su, su kuma ba su ga dalilin shiga rigimar gidan mamaci ba. Halliru ya kai ƙara wurin mai unguwa, daga nan takarda ta wuce sama. Mata suka daina zuwa awo. Masu kai yara rigakafi suka koma tafiya har Makarfi. Safiyatu takan buɗe asibiti da safe ta share baranda, ta zauna ita kaɗai har a tashi. In ta bi ta kasuwa, ba mai amsa gaisuwarta. Bayan wata biyu takardar canjin wurin aiki ta zo mata.

Ranar da za ta tafi, da la'asar, ta yi sallama a gidan. Mairama ta tafi barka, Kamila ta koma ɗakin mijinta tuni. Talatu na zaune a tabarma cikin kayan takaba tana tsince wake. Babu kowa sai su biyu.

Safiyatu ta rame. Ta gaishe ta yadda ta saba, da russunawa. Ba ta zauna ba.

"Inna, ba don ki je ki gyara magana na zo ba. Tafiya zan yi, kayana suna mota. Abu ɗaya nake so ki taimake ni da shi." Ta ɗan matso kusa. "Tun ranar nake juya abin a kaina. Da farko na tabbata na faɗa miki. Yanzu kuma ban sani ba. Mutane da yawa nake gani, wataƙila wata na faɗa wa na ɗauka ke ce. Ba na iya cin abinci, Inna. Don Allah, tsakanina da ke, ba mai jin mu. Na faɗa miki, ko mantawa na yi?"

Talatu ta dubi waken da ke faifai. Kalma ɗaya ce, kuma ba za ta fita daga tsakar gidan ba. Amma in ta faɗe ta, akwai mutum guda a duniya da zai san abin da ta yi kwana goma sha ɗaya tana yi a bakin rijiya, kuma ita ma dole ta ji shi da kunnenta.

Ta ɗago.

"Mantawa kika yi, 'yar nan. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Safiyatu ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Na gode, Inna. Ki yafe mini." Ta goge ido da gefen hijabinta ta fita.

Talatu ta ji tashin motar daga bakin titi. Asibitin ya yi wata bakwai da kwaɗo a ƙofa kafin a turo wani.